Ta'aziyyar Nomau

Ƙarƙashin bedi, bayan tashar Madarunfa,
inda Kane ke dafa shayi tun kafin waya ta iya magana,
muka zauna mu uku, masu ci da dariyar mutane.
Kuran ya tafi tun azahar,
kowa na tattalin batir kamar hatsin bazara.

Kane ya ce: Sana'a ta mutu.
Da can sai ka kwana uku kana saƙa ƙarya guda,
ka ɗinka mata riga, ka koya mata tahiya.
Yau yaro na kwance bisa tabarma,
da yatsa ɗaya yake haihuwar ɗari
kafin butata ta tafasa.
Safe labari, rana labari, dare labari,
kunne ya ƙoshi har yana gyatsa,
ciki kuwa bai ji komi ba.

Tsahara ta kurɓa, ta ce: Ni fa?
Bara na sa babbar riga, na liƙa gemun auduga,
na zama ɗan takara,
na yi alkawarin jawo teku har bakin Gulbi,
kowa jirginsa ɗaure a ƙofar gida.
Aka yanke dariyar, aka bar alkawarin.
Har gobe wani tsoho daga Tibiri
yana tare ni: Ina aka kwana batun teku?
Shi ko mai neman kujerar na gaske,
da ya gama jawabinsa da gumi,
sai aka ce: Kai, ɗan wasan ga ya iya!

Ni ban tanka ba.
Ni ne wanda ya mutu ranar Talata.

Mota ce kife a hanyar Ɗan Isa,
ga hotona a gefe, ga muryata tana neman gafara,
tana barin wasiyyar wanda za a bi, da wanda za a tsine wa.
Muryar ta fi tawa kyau,
ba tari, ba i'ina.
Ni kuwa ina Jiratawa ina cinikin zogale,
waya a mace cikin aljihu.

Na dawo Bagalam da la'asar
na tarar da tabarmi har bakin titi.
Wanda nake bi jika biyu
shi ya fi kowa kuka.
Na yi sallama.
Wani yaro ya ɗaga waya, ya dube ta, ya dube ni,
ya ce: Wannan haɗi ne, ku duba kunnuwan.
Aka shiga gardama a kaina ina tsaye,
masu cewa ni ne ba su kai rabi ba.

Inna ba ta da waya.
Ta fito da zane a baibai,
ta kamo wuyan rigata ta shinshina:
rana, taba, da man babur.
Ta ce: Shi ne. Ku naɗe tabarmin mutane.
Sannan ta mare ni, sannan ta zauna ƙasa.

Kane ya daɗe yana juya kumfa tsakanin kofi biyu.
Ya ce: Tamu ƙaryar da sallama take shiga,
ta cire takalmi, a yi dariya, ta tahi gida.
Wagga ko ta katanga take haurowa,
ta kwana cikin ɗaki, ta tashi da sunanka.

Tsahara ta ce: Mutum nawa suka kalli mutuwar?
Na ce: Dubu arba'in.
Wasanka mafi kyau fa?
Ɗari tara, har da ni sau goma.
Ta ce: To ka sake mutuwa ran Juma'a, mu raba riba.

Muka yi dariya har jar akuyar maƙwabta ta waiwayo.
Sai kuran ya dawo.
Wayoyi suka ɗau kuka kamar 'yan tsaki,
kawuna uku suka sunkuya.
Shayi na uku, mai zaƙin,
ya huce a kan faranti.